Yadda Za Ku Buga Zanen Asalinku da Tsohon Silifas

Duk shekara idan na ba 'yan aji biyar aikin zana abin da ke nuna asalinsu, na san abin da zai dawo mini. Dagin Arewa ne, ko mahayi da lifidi a hawan sallah, duk an kwafo daga waya. Dagi ba laifi ba ne, amma idan rabin aji suka kawo shi, asalin wa na gani? Saboda haka dokata ta farko, a ajiye waya a koma gida.

Ku shiga ɗakin kaka ku buɗe ido. Ga saƙar faifai, ga zanen ƙwarya, ga aska takwas a ƙirjin babbar rigar baba, ga bille ko kalangu a kumatun tsofaffi. Ku zaɓi abu ɗaya tak, ku zauna ku tambaya: wa ya yi shi, me ake kiransa, daga wane gari aka zo da shi? Ku tafi da goro, bakin tsohuwa ya fi buɗewa. Wata ɗalibata ta ɗauko ƙwaryar da ake zuba dussa a ciki, ashe da ita aka yi wa kakarta jere. Kada ku ce wannan ƙauyanci ne. A 1958 ɗaliban zane a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, suka kafa ƙungiya a kan wannan magana. A cikinsu, Uche Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, Bruce Onobrakpeya kuma ga tatsuniyoyin Urhobo, ya yi suna a duniya da zanen da ake bugawa irin wanda za mu yi.

Sai ku zana abin a takarda yana gabanku, sau uku ko huɗu, kowane karo kuna rage ƙyale-ƙyale har ya saura layuka masu kauri. A roba za mu sassaƙa zanen mu buga shi a takarda kamar hatimi, kuma siririn layi ba ya rayuwa a roba, yagewa yake.

Robar da ake sayarwa musamman don wannan aiki tana da tsada, kuma sai an sha yawo kafin a same ta. Ni tsohon silifas nake sa a kawo, mai faɗi, wanda ƙasansa ya suɗe ya yi sumul. A cire igiyar, a wanke da omo, a shanya, a yanko murabba'i daga wajen diddige inda babu huda. Wasu malamai dankali suke amfani da shi. Ban yarda da shi ba, kwana biyu ya yamutse.

To, ga inda ake faɗuwa, kuma ni ma a nan na faɗi. Abin da kuka sassaƙa a roba, a juye zai fito a takarda: dama ta koma hagu. Shekarar da na fara koyar da wannan, ban faɗa wa yara ba, don ni kaina na sha'afa. Wani yaro ya yi kwana uku yana sassaƙa sunan kakansa da ajami, aiki tsaf kamar na mai rubutun allo. Aka shafa fenti, aka danna, aka ɗaga, sai ga suna ya fito baibai, ba mai iya karantawa. Ya tsaya yana kallona bai ce uffan ba. Har yau ina jin kunyar wannan kallon.

Maganinsa ba wuya. Ku bi layukan zanenku da fensir mai taushi, ku danna sosai ya yi baƙi ƙirin. Ku kifa takardar a kan robar, fuska ƙasa, ku goga bayanta da bayan cokali. Zanen zai hau robar a juye, haka ake so. Ku bi shi da biro don kada ya goge. Kafin reza ta taɓa roba, ku ɗaga ta gaban madubi. Abin da madubi ya nuna, shi takarda za ta nuna. Idan akwai rubutu, a karanta shi a madubin da babbar murya. Wanda ban ga ya yi haka ba, ba na ba shi reza.

Abu na biyu da ke rikita yara: wurin da kuka ƙwaƙule shi ne zai fito fari, wanda kuka bari shi zai ɗauki launi. Ku yi ɗigo-ɗigo a duk inda za a cire tun kafin ku fara. Sabuwar reza, a naɗe gefe ɗaya da salatif, a yanka a karkace ta nesa da yatsa.

Fenti kuma kada ya yi ruwa. Fentin makaranta na kwalba ya isa, a gauraya da ɗan gam ya yi kauri kamar kunu. Da soso ake ɗaɗɗana shi a roba, ba da buroshi ba. Na fi son shuɗi mai duhu irin na marinar Ƙofar Mata, ko jan ƙasa. Launi biyu sun wadatar.

Bugun farko da na biyu a tsohuwar jarida ake yin su, don ba sa kyau. Daga na uku sai a koma farin kwali, a jera bugun yadda zanen yake maimaituwa a jikin abin na asali. A shanya a inuwa. A ƙasa ku rubuta da fensir sunan abin, sunan garin da ya fito, sunanku da kwanan wata. Wanda ya aro ƙwaryar kaka ya mayar mata kafin ta aiko a tambaya.