Yadda nake zana haruffan allon shago da ƙusa da zare

Shekarata goma sha biyu ina rubuta allon shaguna a ƙauyukan da ke kewaye da Gumel. Haruffan da na fi yarda da su su ne irin na Futura, waɗanda Paul Renner ya tsara a Jamus, aka fitar a 1927. Da da'ira da miƙaƙƙen layi aka gina su. Ba su da 'yan ƙafafun nan na ƙarshen harafi, shi ya sa mai babur ke karanta su tun daga nesa.

Fara da O. Kafa ƙusa a tsakiya, ɗaura zare, ka zagaya da alli. Daga wannan da'irar za ka fitar da C da G, da cikin b da d. Amma bari O ta ɗan haura layin sama da na ƙasa, kamar kaurin ashana, in ba haka ba ido zai ga ta fi H ƙanƙanta. Sandar kwance kuma, irin ta tsakiyar H, ka rage mata kauri kaɗan, don ido yana ƙara mata ƙiba.

In a waya kake aiki, salon haruffa na Montserrat da Poppins, masu kama da Futura, kyauta ne a shafin Google Fonts. Sai dai kafin ka biya kuɗin bugu, rubuta "ƙauye, ɗaki, ɓera" ka duba ko salon yana da ƙ da ɗ da ɓ. Na taɓa buga katin biki ɗari biyu, kowace ƙ ta fito akwati, daga aljihuna na sake bugawa.

Dogon rubutu kuwa, irin takardar sanarwa, wani salon nake nema, don yawan zagayen yana gajiyar da ido.