Kurakuran da ke ɓata aikin sassaƙar fom, daga yanka har fenti

Yanzu a Kumasi kusan duk biki ko suna sai ka ga manyan haruffa da ginshiƙai na fom, wato farin soson nan mara nauyi, an jera bayan kujerar amarya, samari da yawa a Aboabo da Asawase sun kama sana'ar, kuma wallahi abin farin ciki ne. Sai dai ɓarnar da ake yi kusan iri ɗaya ce.

Wadda ta fi ciwo ita ce ta fentin feshi na gwangwani. Mutum ya gama sassaƙa lafiya lau sai ya fesa kai tsaye, kan ka ce kwabo fuskar aikin ta zama ramuka ramuka tana yauƙi. Farin fom ɗin nan mai ƙwayoyi irin na cikin kwalin firij polistirin ne, sinadarin da ke cikin fentin feshi narkar da shi yake, haka tina da fetur da gam ɗin masu gyaran takalmi, har da resin, ruwan gam ɗin da ake aikin faiba da shi. Maganin abin a rufe fom ɗin tukuna. Samu farin gam na kafinta ka ɗan sirka da ruwa, ka yi shafi 2 ko 3 da burushi, kowanne ya bushe sarai kafin na gaba, sannan ka bi da fentin ruwa. In dole sai ka fesa to ja baya kamar santimita 30 ka yi shi sama sama, kuma fara gwadawa a jikin guntun da ka yar. Duba lunguna da kyau ɗan uwa, musamman cikin harafi irin A da R, ɗan wurin da gam bai kai ba ta nan fenti zai shiga ya cinye ta ciki ya bar maka ɓawo a sama, sai ka taɓa yatsa ya nutse.

Mai biki na ta kiran waya, shi ya sa ake lafta gam ko POP, wato farin filastan da ake yin silin da shi, da kauri don a gama da wuri. Da damina iskar Kumasi jiƙe take, sama ya bushe ciki ɗanye, POP mai kauri kuma ga nauyi ga tsagewa, kafin a kai wurin bikin ya fara ɓarewa.

Wajen yanka kuwa, fom na dakusar da reza da sauri fiye da yadda ake zato, da ka ga ƙwayoyi na tsittsinkewa maimakon yanka ya fita sumul to karya bakin rezar in mai karyuwa ce ko ka sa sabuwa, kuma ja za ka yi a hankali, ban da dannawa. Masu yanka da waya mai zafi, wato siririyar wayar ƙarfe da lantarki ke zafafawa, su rage wuta, in ta yi ja jawur yankan faɗi yake yi, in ka tsaya a tsakiya kuma sai ta huda rami. A waje za a yi inda iska ke kaɗawa. Soson katifa dai kar a kusance shi da waya mai zafi sam, hayaƙinsa guba ne.

Sanfefa a fara da lamba 80, a koma 120, a ƙarasa da 220, da takunkumi a hanci.

In za ka haɗa manyan guntaye biyu, farin gam a tsakaninsu yana daɗewa bai bushe ba tunda iska ba ta shiga, waya kuma ba ta ratsa layin gam da kyau. Shafa kaɗan nesa da inda za ka yanka, ka soka tsinken tsire a karkace ta ɓangarori biyu ya riƙe su, ka bar shi ya kwana.