Yadda za ka shirya OpenBSD domin tsaro da kyawun hoto

Kafin ka ɗora OpenBSD, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a kwamfutarka, duba irin katin hoton da ke cikinta, domin a nan ne masu farawa suka fi yin tuntuɓe. Katunan Intel da AMD suna aiki sosai, saboda masu gina wannan manhaja suna ɗauko direbobinsu, wato shirye-shiryen da ke sarrafa katunan, daga manhajar Linux, kuma direban amdgpu na katunan AMD ya shigo tun fitowa ta 6.6 a shekarar 2019. Katunan NVIDIA na zamani kuwa ba su da cikakken tallafi, gara ka kauce musu.

Lokacin ɗorawa, amince da kulle faifan ajiya gaba ɗaya da kalmar sirri, zaɓin da aka saka a fitowa ta 7.3. Bayan kunnawar farko, haɗa na'urar da intanet ka buga umarnin fw_update, wanda ke sauko da fayilolin firmware da wasu sassan kwamfuta ke buƙata, domin katin AMD ba ya aiki yadda ya kamata sai ya sami waɗannan ƙananan fayiloli. Daga nan ka kunna xenodm, shirin da ke buɗe allon shiga mai hoto, da umarnin rcctl enable xenodm.

Abin da ya fi burge ni shi ne yawancin kariyar ba sai ka kunna ta ba. Tsarin pledge, wanda ya zo a 2016, yana taƙaita abin da shirin da ke amfani da shi zai iya roƙo daga manhajar, shi kuma unveil na 2018 yana ɓoye masa fayilolin da ba ruwansa da su. Naka aikin shi ne buga syspatch a kai a kai domin ɗora gyare-gyaren tsaro, da sysupgrade domin sabunta manhajar idan sabuwar fitowa ta zo, sau biyu a shekara.