Darasi na 6: Ciniki da Sunan Ƙungiya

Mai sayar da albasar gonarta, in ta karyar da ita, ita ta sani. Wadda ƙungiya ta tura ciniki kuwa, gumin mata ashirin ko talatin ne a hannunta, har da kason asusu da ake gyaran rijiya ko kai mara lafiya likita da shi. Irin wannan ciniki ne darasin yau yake koyarwa.

Malama tana Yamai, ku kuna Tawa, Galmi ko Madawa. Darasi yana zuwa ta WhatsApp, da murya, don wadda karatunta bai nuna ba ita ma ta ji. Saƙon murya ba ya cin kuɗin intanet kamar bidiyo, kuma in rezo ya ɗauke, saƙon yana nan yana jira.

Kafin dillali ya iso, ku zauna ku yi lissafi. A ce kowane buhu ya ci jaka 8 (jaka ɗaya sefa dubu ce) a iri, taki, man injin ban ruwa da ƙwadago. Buhu da dako jaka 1, kason asusu jaka 1. Jaka 10 ke nan. Wannan shi ne gindin kuɗinku, ƙasa da shi faɗuwa ce. Ku rubuta shi a littafi, amma mai saye kada ya ji shi.

A kula da ƙidaya. A takarda malama takan rubuta 500 F, a kasuwa kuwa ɗari muke cewa, domin da dala muke ƙirga, dala ɗaya kuma sefa 5 ce. In aka haɗa ƙidayar biyu, lissafi ya rikice tun ba a fara ba.

Lokacin da aka cire albasa, wajen watan Maris da Afrilu, kasuwa cike take, masu motocin Gana da Kwaddebuwa sun san haka sarai. Wadda ba ta da wurin ajiya, abin da aka taya shi za ta karɓa. Wadda ta gyara rudunta, wato rumbun ajiyar albasa, ko ta riga ta ji tayin wani mai saye a waya, ita ce take iya cewa albarka da gaske. Sai dai albasa tana ruɓewa a rudu, tana kuma raguwa, don haka a sa wannan asara cikin lissafi kafin a ce za a jira tsada.

Ga yadda ake gwaji. Ɗaya ta zama mai saye, ta aiko da murya:

"Hajiya, jaka tara, kuɗi hannu."

"Albarka, Alhaji. 'Yar Galmi ce, ta bushe, mun tsince ta. Buhu nawa kake so?"

Ba ta yi fushi ba, ba ta kuma rage ko dala ba. Tambaya ta yi. In ya ce hamsin, to an sami abin musaya: ragi kaɗan, shi kuma ya ɗauki dako, ko ya biya rabi yau. Wa zai biya la'adar dillali, shi ma a faɗe shi kafin a sallama. In bashi ne, a rubuta rana da shaidu biyu.

Aikin gida: ku lissafa gindin kuɗin buhunku na bana. Ku yi ciniki bibbiyu, ku ɗauki muryarku, ku aika wa malama kafin ranar Lahadi, kasuwar Tawa.