Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen fifet a ɗakin binciken ƙwayoyin gadon tsirrai

Mai tantance irin wake da ke jure wa wuta-wuta ba da ganye goma yake aiki ba. Ɗaruruwan tsirrai ne za a tatsi DNA ɗinsu (sinadarin da ke ɗauke da gado), a jera a faranti mai ramuka 96, a yi PCR, wato a riɓanya ɓangaren DNA ɗin da ake nema. Da fifet ake yi, wato na'urar hannu mai awon ɗan ƙaramin ruwa, kuma kowane rami sai babban yatsa ya danna ya zuƙo, ya danna ya zuba, ya sake dannawa ya tunkuɗe bakin robar da aka saƙala masa. Wani bincike da aka yi a Suwidin a 1994 ya nuna cewa masu wuce awa 300 a shekara suna wannan aiki sun fi fama da ciwon hannu da kafaɗa. Awa 300 kuwa bai wuce awa shida a mako ba.

Babban kuskure shi ne sayen fifet ba tare da an riƙe shi ba. Ana duba suna da farashi, a manta da wanda zai wuni da shi. A ba ɗalibai da ma'aikata su gwada, musamman masu ƙananan hannu. Kada a tsaya ga laushin maɓallin zuƙa: maɓallin cire baki ya fi cin ƙarfi, shi ke kunno zogi a gindin babban yatsa. A duba ko yana da ƙugiyar da ke rataye a yatsa, don tafin hannu ya riƙa hutawa.

Daga nan sai bakunan roba. Ana sayo masu araha da ba su dace da fifet ɗin ba, sai ka ga mutum yana ta bubbuga shi a kan akwati kamar mai dakan yaji don bakin ya kama. Abin da ya shiga da ƙarfi da ƙarfi zai fita, ga shi kuma yana iya yoyo. Bakin da ya dace, dannawa ɗaya ta ishe shi.

Cika faranti da fifet mai baki ɗaya wahala ce da ba ta da dalili. Mai baki takwas zai gama a zubi 12 maimakon 96. Mai batir ya fi sauƙi wajen raba ruwa iri ɗaya, in dai akwai tabbacin caji.

Haka kuma fifet ɗaya ba ya ɗaukar kowane awo. Kuskurensa ya fi yawa a ƙasan ma'auninsa, don haka maikrolita 2 (maikrolita kashi ɗaya ne cikin miliyan na lita) na mai ɗaukar 10 ne, ba na mai ɗaukar 20 ba in da hali.

Ruwan ma ba ɗaya ba ne. Sinadarin kulorofom da ake amfani da shi a hanyar tatsar DNA da ake kira CTAB yana ɗiga daga baki saboda tururinsa. A zuƙa a mayar sau biyu ko uku kafin a ɗiba. Sinadarai masu kauri da ke cikin gilisarol (wani ruwa mai yauƙi) suna son a zuƙe su a hankali. Lokacin hunturu iska ta bushe, ɗan ɗigon da ke rami yana saurin ƙafewa, sai a rufe farantin da wuri.

Ko fifet mai kyau ba zai ceci wanda ya ɗaga gwiwar hannu sama ya wuni a haka ba. A matso da kaya kusa, a daidaita kujera, a ɗan sarara bayan kowane minti 20 zuwa 30. A kuma kai fifet ɗin gwajin awo bisa ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 8655 aƙalla sau ɗaya a shekara.