Seleri, kayan lambu mai dogon kara da ganye: yadda za a ajiye shi da yadda za a dafa shi

'Yan uwa, masu cewa selerinsu na yin yaushi a firij: ruwansa ne ke fita, domin kusan kashi 95 cikin 100 na jikinsa ruwa ne. A naɗe shi a takardar foyil kafin a ajiye, kada a ɗaure shi a leda, a nan yake saurin ruɓewa. In ya riga ya langwaɓe, a yanke gindin a tsoma shi a ruwan ƙanƙara kamar minti 30, zai miƙe.

Wajen girki, a kama bakin karan a ja zaren da ke bayansa, shi ne ke maƙalewa a haƙori. Ga romo ko miya, albasa kofi 2, karas kofi 1, seleri kofi 1, a yanka ƙanana a soya a wuta kaɗan na minti 10. Wuta mai ƙarfi ƙona albasar kawai take yi, selerin yana nan ɗanye. Ganyen kuwa sai an kusa saukewa, don ya fi karan ƙamshi.

Yana da bitamin K da fotasiyam, ga harza mai taimaka wa bayan gida, wadda ake asararta idan an markaɗa an tace. Saboda bitamin K ɗin, mai shan warfarin, wato maganin hana daskarewar jini, ya tuntuɓi likita kafin ya fara cin seleri da yawa.