Idan Maganin Kwantar da Yaro Ya Birkita Shi

A asibiti likita yakan ba yaro wani magani mai suna midazolam kafin ɗinki ko cire haƙori domin ya lafa, amma wani yaron maimakon ya yi barci sai ya birkice, yana ihu yana duka, har ya kasa gane mahaifiyarsa. Wannan ba iska ba ce, aikin maganin ne a ƙwaƙwalwa, kuma yakan wuce.

Uwa ta riƙe shi a hankali kada ya faɗo daga gado, ta kira ma'aikaciyar jinya nan take, kuma kada ta matsa a ƙara masa maganin, domin ƙarin yana iya dagula lamarin. Akwai allurar flumazenil da ke warware aikin maganin. Duk ranar da za a sake yi masa wani aiki, a sanar da likita tun farko cewa maganin ya taɓa birkita shi.